Za mu koma Zariya daga Agege, ya zan yi da kyanwarmu?

Maman Amira: Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema, don Allah wanda ya san kan abin ya taimaka mini. Maigida ya yi ritaya, mun yanke shawarar tattarawa mu koma gida Zariya ƙarshen wata mai zuwa. Kayan ɗaki za su bi babbar mota, mu da yara za mu biyo a motar gida. Abin da ya tsaya mini a rai kyanwarmu ce. Amira ce ta tsinto ta a ƙarƙashin teburin mai shayi ana tsakiyar damina, idonta ma bai gama buɗewa ba, da sirinji muka riƙa ɗura mata madara har Allah ya raya ta. Yanzu ta kai shekara 4, kuma ba ta taɓa shiga mota ba. Ko janareta aka tayar sai ta shige bayan firji. Maigida ya ce mu bar wa maƙwabta ita, yara kuwa tun da suka ji suke kuka. Anya za ta iya jure wannan doguwar tafiya? In za ta iya, a cikin me zan saka ta?

Alhaji Mai Goro: Wa alaikumus salam. Allah ya sanya alheri a komawar, ya sa an koma a sa'a. Hajiya, maganar maigidanki ita ce gaskiya. Kyanwa gida take so, ba mutum ba. Ki kai ta Zariya, kwana biyu ta tsallake katanga neman inda ta saba, ta ɓace, kin wahala kin wahalar da ita a banza. Ki bar ta inda ta san kowane lungu. Kyanwa kuwa ai ba ta ƙare a Zazzau ba, kuna isa za a kawo wa yara wata.

Anti Ladi Idi-Araba: Alhaji, a gafarce ni, ban yarda da wannan ba. Maƙwabtan da ake cewa a bar musu, an tambaye su suna so? A gidan hayar da nake, wasu sun tashi sun bar tasu, suka ce kowa zai riƙa ba ta. Satin farko ana jefa mata kan kifi. Da sababbin 'yan haya suka shigo suka ce su ba sa son ganin kyanwa, wai tana da alaƙa da maita, kullum da tsintsiya ake bin ta. Na riƙa ganinta da daddare a bakin ƙofar tsohon ɗakin tana kuka, ta rame har ana ƙirga haƙarƙarinta. Ƙarshe ni na ɗauke ta. Wadda aka raina da sirinji ba ta iya cin bola ba, Alhaji. Ba irin ta kasuwa ba ce.

Ɗan Mile 12: Abu mai sauƙi. A saka ta a buhu a ɗaure baki, a huda 'yan ƙofofi, a ajiye a but. Haka ake yi tun da, kuma in ba ta ga hanya ba ba za ta yi tunanin komawa ba. In ana tsoron kuka a jiƙa mata rabin maganin barci a madara.

Maman Amira: Buhu kuma? Wallahi zuciyata ba za ta iya ba.

Kawu Direba: Ɗan Mile 12, yaro na, kada ka sake ba wani wannan shawarar. Na daɗe ina bin hanyar nan, na san yadda but yake zama da rana tsakanin Jebba da Makwa. Ko tumatir ka saka a ciki sai ya dahu, ga hayaƙin salansa yana shiga. Rai fa ake magana.

'Yata Maman Amira, bari in faɗa miki yadda hanyar take don ki san abin da za ki shirya wa. Daga Agege zuwa Zariya kusan kilomita 1000 ne. Za ku fita ta Berger ku wuce Kara, sai Badun, Oyo, Ogbomosho, Ilori, Jebba inda za ku haye kogin Kwara, sai Makwa. Daga Makwa kada ku yarda a ce a yanke ta Tegina da Birnin Gwari don ta fi kusa. Mu ma da muke da taurin kai mun haƙura da ita saboda rashin tsaro. Ku bi ta Kutigi, Bida, Agaie, Lapai, Lambata, ku faɗa titin Abuja zuwa Kaduna, sannan Zariya. Tsakanin Oyo da Ogbomosho in tirela ɗaya ta lalace za ku iya shafe awanni a tsaye, kuma wannan tsayuwar ce ta fi tafiyar wahalar da dabba, don iska ba ta shigowa. Da yara da mata a mota, ban ba ku shawarar yin ta a yini ɗaya ba, kuma ban yarda da tafiyar dare ba. Ku kwana a Bida.

Abu ɗaya da na gani da idona: a wani gidan mai bayan Ilori, wata mata ta buɗe kwalin da ta saka kyanwarta don ta ba ta ruwa, ƙofar mota a buɗe. Wata tirela ta danna ham. Kafin a ce me, kyanwar ta bi ta ƙarƙashin motoci ta faɗa ciyawa. Mun fi awa muna nema da yaranta suna kiran sunanta, ba a gan ta ba, dole suka tafi. Saboda haka duk abin da za ki saka ta a ciki, kada a buɗe shi sai ƙofofi da gilasai duk a rufe.

Malam na Zango: Allah ya saka wa Kawu. Ni ta ɓangaren addini zan ɗan ce wani abu. Hadisi ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa wata mata ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abinci da kanta ba har ta mutu. Wannan bai wajabta wa Hajiya tafiya da ita ba, kada a ɗora mata abin da shari'a ba ta ɗora ba. Amma ya nuna cewa dabbar da ke hannunka amana ce. In za a bari, a damƙa ta hannun mutum ɗaya sananne wanda ya ce ya karɓa, ba a ce "maƙwabta" a dunƙule ba. In za a tafi da ita, a tafi da ita ta hanyar da ba azaba. Buhu da but azaba ne.

Dakta Mai Dabbobi: Salamu alaikum. Yanzu na shigo na ga muhawarar, kuma maganar maganin barci ce ta sa ban tsaya sai dare ba. Don girman Allah kada kowa ya ba kyanwa maganin mutane. Farasitamol ƙwaya ɗaya tana iya kashe ta, domin hantarta ba ta iya sarrafa shi yadda tamu take yi. Sai ka ga fuska ta kumbura, dasashi ya canza launi, numfashi ya gagara. Maganin barcin da mutane ke sha shi ma akwai wanda yake lalata hantar kyanwa. Ban da haka, dabbar da aka bugar ba ta iya daidaita zafin jikinta, jininta yana sauka, in ta yi amai kuma ba ta iya gyara kwanciya. A cikin zafin mota wannan hanyar mutuwa ce. Akwai maganin rage firgici da muke bayarwa, amma sai an auna nauyinta, an duba lafiyarta, an kuma gwada shi a gida tun kafin ranar tafiya.

Maman Amira, amsar tambayarki ta farko: lafiyayyar kyanwa 'yar shekara 4 za ta jure tafiyar nan sarai. Nisa ba ya kashe su. Zafi da tserewa su ne abin tsoro.

Ki nemi kejin roba irin na tafiya da dabbobi, mai ƙofar ƙarfe da ramukan iska ta gefe. In bai samu ba, kwandon roba mai ƙarfi mai murfi ya isa, amma a ɗaure murfin da igiya ta kusurwa huɗu. Ya zama za ta iya miƙewa tsaye ta juya a ciki. Kwali ba ya yi, fitsari ɗaya zai jiƙa shi ta yage shi da farce. Kuma kada ki jira sai ranar tafiya. Tun yau ki ajiye shi a falo a buɗe, ki shimfiɗa tsohon zanin da take kwanciya a kai, ba wankakke ba, ki riƙa sa mata abinci a bakinsa, bayan kwana biyu ki tura kwanon ciki. In ta fara shiga da kanta ki rufe na ɗan lokaci ki buɗe. Daga baya maigida ya zaga da ku unguwa da ita a mota, ko zuwa Pen Cinema ne a dawo. Kina da sama da wata guda, ya isa.

Maman Amira: Dakta Allah ya biya ka, hankalina ya fara kwanciya. Ai tun da muka fara haɗa kaya ba ta da wurin kwana sai cikin kwalayen, duk wanda na buɗe sai in same ta a ciki ta naɗe. Ina ga kejin ba zai ba ta wahala ba. To abinci fa a hanya? Da bayan gida?

Dakta Mai Dabbobi: Ki ba ta abincin dare kamar kullum, da asuba kuma kada ki ba ta komai sai ruwa. Ciki a cike shi ke kawo amai. Madara ki bar ta gaba ɗaya a kwanakin nan, yawancin manyan kyanwoyi zawo take sa su. A hanya in kun tsaya sallah ki miƙa mata ruwa kaɗan, kamar yadda Kawu ya ce, mota a rufe. Wataƙila ta ƙi sha, kada ki ɗura mata. Kejin a kujerar baya za ki ajiye shi ki zagaya masa bel, ta ɓangaren da rana ba ta duka, ki yafa masa ɗankwali mara nauyi ki bar gefe ɗaya a buɗe. In motar ba ta da esi, ki daskarar da ruwa a gora biyu, ki naɗe ɗaya da tawul ki jingina a cikin kejin.

Kuka za ta yi, mai yawa ma, wataƙila har Badun. Ki gaya wa yara tun yanzu don kada tausayi ya sa su buɗe. Kuka ba matsala ba ne. Abin da za ki sa wa ido shi ne ta buɗe baki tana haki kamar kare, miyau na dalala. Kyanwa ba ta haki haka kawai. In kin ga haka ku nemi inuwa, ki shafa mata ruwa mai ɗan sanyi a tafin ƙafa da ciki da kunnuwa, ba ƙanƙara ba. Kuma ko minti biyar kada a bar ta a rufaffiyar mota a rana a tafi cin abinci.

Bayan gida kuwa, yawancinsu riƙewa suke yi har a sauka. Ki shimfiɗa tsumma a ƙasan kejin, ki riƙe wasu a leda don canji. Ki tafi da roba mai faɗi da yashi, ki ɗebo ɗan wanda ta riga ta yi amfani da shi ki gauraya. A masaukin Bida ki shigar da ita banɗaki, ki duba taga da silin babu kafa, ki rufe ƙofa sannan ki buɗe kejin. A nan za ta ci ta sha ta yi abin da za ta yi.

Yaya Bilki Obalende: Ni da na ce me zai hana ke da ita ku hau jirgi zuwa Kano ko Kaduna? Legas zuwa Kano awa ɗaya da rabi ne, sai mota ta ƙarasa da ku. Sai dai ki tambayi kamfanin tun kafin ki yanki tikiti, don kowanne da dokarsa a kan dabbobi, kuma za a nemi takardar likita da katin rigakafi.

Maman Amira: Yaya Bilki, kuɗin tikiti yanzu ai sai a hankali, ga kuɗin motar kaya. Kuma in aka ce sai ta bi ɗakin kaya ita kaɗai, gara tana kusa da ni ina jin numfashinta.

Alhaji Mai Goro: To ni dai ina nan a kan bakana, kuma ba don rashin tausayi ba. Ku duba abin da ake lissafawa: keji, likita, allura, kwanan otal. A wannan zamanin da mutane a Agege ke kwana da yunwa. Kuma har yanzu babu wanda ya amsa mini maganar ɓacewa. Gidajenmu na Zariya ba irin na nan ba ne da ake rufe ƙofa ɗaya shi ke nan. Tsakar gida ce a buɗe, ga zaure, ga katanga, ga rariya, ga muzuran unguwa da suka riga ta mallakar wurin. Ranar farko za su kore ta.

Anti Ladi Idi-Araba: Alhaji, kwanan Bida ai don yara Kawu ya faɗe shi, ko babu kyanwa za a yi. Kuma wanda ya ciyar da dabbarsa ban taɓa ganin hakan ya hana shi ba maƙwabcinsa abinci ba. Yawanci ma su ne masu bayarwa.

Dakta Mai Dabbobi: Alhaji, maganarku ta biyu tana da ƙarfi, kuma ita ce wurin da aka fi yin asara. Gaskiya ne kyanwa tana manne wa wuri. Da shinshina take gane gida. Shi ya sa kuke ganin tana goga kumatunta a ƙafar kujera da bakin ƙofa, alama take sawa. In aka sauke ta inda babu alamarta ko ɗaya, abin da ranta zai ba ta shi ne ta gudu ta ɓuya. Da a ce kyanwar kasuwa ce da ke zuwa cin abinci ta koma, da ni ma na ce a bar ta. Amma wadda ta tashi a ɗaki tana kwana a ƙafar yara, mutanenta suna cikin abin da ta sani a matsayin gida, kuma su za su tafi.

Maganin abin da kuke tsoro shi ne ɗaki ɗaya. Ana isa a kai ta ɗakin da ba a yawan shiga, a sa mata zaninta da ruwa da abinci, robar yashi a ɗaya kusurwar, a bar kejin a buɗe ya zama maɓoyarta. Ta yi kwanaki a nan har ta fara fitowa da kanta tana ci. Sannan a buɗe mata sauran ɗakuna. Tsakar gida sai bayan sati 3 zuwa 4, kuma fitar farko a yi ta da rana kafin a ba ta abinci, don yunwa ta dawo da ita. Wahalar ita ce 'yan sannu da zuwa. Gida zai cika da baƙi, yara na shiga suna fita, wani zai bar ƙofa a buɗe. A sa kwaɗo a ɗakin, makulli a hannun Maman Amira.

Hajiya Babba: Haka ne ɗana. Mu a da man shanu ake shafa mata a ƙafa in an kai ta sabon gida, a ce in ta lashe ta zauna. Ban san ko ku likitoci kun yarda da shi ba. Ke kuma 'yar nan, ki tuna hunturu za ku tarar. Dabbar da ta saba da ɗumin Ikko, sanyin Zariya na asuba zai ba ta mamaki. Ki sa mata tsohon bargo, kada ta kwana a siminti. Kuma ki ja kunnen masu fesa maganin sauro, su fitar da ita kafin su fesa ɗaki.

Dakta Mai Dabbobi: Hajiya, ɗan man shanu kaɗan ba ya cutarwa, amma rufe ƙofar ne yake zaunar da ita. Maganar fesa magani kuwa kun yi daidai, haka ma maganin ƙuma na karnuka, kada a shafa mata, akwai wanda guba ne gare ta.

Sauran abu biyu. Na farko, ki kai ta a yi mata allurar rigakafin ciwon haukan kare da ta sauran cututtukan kyanwa, a ba ta maganin tsutsar ciki, a cikin satin nan. Allura tana ɗaukar makonni kafin ta kama jiki, kuma wata takan yi kasala kwana ɗaya ko biyu bayanta, don haka ba a yin ta gab da tafiya. Tunda kina Agege, ki leƙa wajen likitocin dabbobi na Oko-Oba. Ki riƙe katin a jakarki ko za a tambaya a shinge. Na biyu, bayan kun isa, in ta wuce awa 24 ba ta yi fitsari ba, ko tana tsugunawa tana yunƙuri babu abin da ke fita, ko ta kai kwana 2 ba ta ci komai ba, kada ki jira. Akwai asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru. In ba a yi mata aikin hana haihuwa ba, ki yi musu maganarsa a can, don neman muzuru shi ne babban abin da ke fitar da su daga gida.

Ɗan Mile 12: Na ji, na janye maganar magani. Amma kyanwoyi nawa aka kai Arewa a saman motar kaya suka isa lafiya?

Kawu Direba: Waɗanda suka isa ka gani. Mu muke ganin waɗanda ake jefarwa a gefen titi.

Maman Amira: Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na karanta wa maigida duka daren jiya, har da maganar Alhaji, don shi ma abin da yake tsoro ke nan. Ya amince mu tafi da ita, da sharaɗin ni da Amira ne masu kula da ita a hanya, kuma ɗakin da ke kusa da kicin a gidan Tudun Wada za a ware mata. Jibi in sha Allahu zan kai ta allura. Saura keji, na zaga kasuwa ban ga mai ƙofar ƙarfe ba.

Anti Ladi Idi-Araba: Ina da shi, wanda nake kai tawa asibiti. Ki turo yaro ranar Asabar ya karɓa, in motar kaya za ta dawo a sako mini shi. Sai dai ki wanke shi da sabulu ki shanya a rana sosai, in ta ji warin wata kyanwar ba za ta shiga ba.

Alhaji Mai Goro: To Allah ya kai ku lafiya. Amma kwaɗon nan da Dakta ya faɗa a saya tun daga nan, kada a ce sai an isa.

Kawu Direba: Ku yi sallar asuba ku tashi nan take, kafin gosulo ya kama Berger. Ku cika tanki tun dare, ku ƙara a Ilori. In kun ga la'asar ta yi muku ba ku haye Jebba ba, kada ku matsa sai Bida, ku nemi masauki a Makwa.